Kumbon Zare a Garin Auduga

Duk macen da ta taɓa riƙe kwarashi ta san halin dunƙulen zare. Ana ja yana gudu. Ya gangara ƙarƙashin gado ya kwaso datti, ko kyanwa ta far masa, ko yaro mai rarrafe ya kai shi baki. A Garwa kuwa, inda ƙurar hunturu ke shiga har cikin akwati daga Disamba zuwa Fabrairu, farin zaren da ya yi birgima sau biyu a tsakar gida ya gama tashi daga fari. Shi ya sa kowace mai saƙa take da inda take tsare abinta. Wata a ƙwarya, wata a tsohon kwanon sha, wata a gwangwanin madara da aka huda murfinsa da ƙusa, wata ma leda ce kawai take ratayawa a wuyan hannu.

Masu saƙa na Turai da Amurka sun mai da wannan dabara haja. Akwai kwanon da ake yi musamman don zare, na tangaran ko na katako, mai nauyi, an tsaga masa wata lanƙwasasshiyar kafa a gefe inda zaren ke fitowa. Dunƙulen na juyi a ciki, ba ya tsalle waje. Daga baya wasu suka ce ai mai kwarashi ba ta da dalilin sayen kwano, ta saƙa nata mana. Masu son finafinan kimiyyar gobe, irin na tafiya duniyoyi da jiragen sararin samaniya, su kuma suka ba kwanon siffar abin da suke so: wannan ta yi shi kamar faifan nan mai tashi da ake cewa baƙin wata duniya ke hawa, waccan ta yi shi kamar dunƙulalliyar tashar yaƙin da ke cikin Star Wars na 1977, wata ta zagaya masa zobe kamar na duniyar Zuhalu. Hotunan irin waɗannan yanzu ba su da shamaki. Duk yarinyar da ke koyon saƙa a YouTube ko TikTok, a unguwar Yelwa take ko a Fulɓere, za ta iya cin karo da su tana neman samfurin takalmin jarirai.

To, in ta ce za ta gwada, me zai hana? Hannu dai ba zai hana ba. Saƙar kwarashi ta zauna da gindinta a arewacin Kamaru. Ana koyonta a wurin yayye da kishiyoyi da maƙwabta, ana koyar da ita a cibiyoyin sana'ar mata da ke ƙarƙashin ma'aikatar mata da iyali, tare da ɗinki da surfani. Da wuya a yi suna ba a ga hula da safa da rigar sanyi na saƙa a cikin kayan barka ba. Ɗakin amarya ma haka: shimfiɗar tebur, rufin kwanuka, abin ɗora wa kujera a kai. Abin da zai ba ta wahala shi ne zare, kuma a garin da ake kira babban birnin auduga.

Lissafin da ke cikin yatsu

Kwano daga da'ira yake farawa. Mai saƙa takan ƙulla ɗan zobe, ta zuba masa gajerun idanu 6. A zagaye na biyu ta saka biyu a kowane ido, su zama 12. Na uku 18, na huɗu 24, haka nan tana ƙara shida-shida, ta yadda zagaye na goma zai tashi da 60. Muddin ta riƙe wannan ƙa'ida, saƙar za ta kwanta lafiya lau a kan tabarma. Ba camfi ba ne, kuma ba wani ne ya zauna ya zaɓi shida ba. Kewayen kowace da'ira ya ninka nisan da ke tsakanin tsakiyarta da bakinta sau shida da 'yan kai, gajeren ido kuwa tsawonsa da faɗinsa kusan ɗaya ne. Saboda haka duk layin da aka ƙara yana neman wurin ido shida. Matan da ba su taɓa zama ajin lissafi ba sun san wannan da yatsunsu: in ƙarin ya gaza, saƙar ta soma tattarewa sama, in ya yi yawa, bakin ya soma kalangu yana naɗewa.

Kuskuren farkon nan shi ne kayan aikin mai yin kwano. Idan gindi ya kai faɗin da ake so, wato dai ya ɗan fi dunƙulen zaren girma don ya sami wurin juyi, sai a daina ƙari gaba ɗaya. A zagayen farko bayan nan akan soka kwarashin a bayan ido kawai, a bar na gaba, wannan ne ke ba da karin da bango zai tashi a kansa a miƙe. Daga nan kowane zagaye adadinsa ɗaya, bango na hawa. In ana son ciki ya yi tulu, baki ya tsuke don kada dunƙule ya yi tsalle, sai a soma ragi kaɗan-kaɗan a layukan sama. In kuma siffar faifai mai tashi ake so, a tsakiyar bangon ake komawa, a ɗauki idanu a zagaya, a saƙa baki mai faɗi da ƙarin shida-shida kamar na farko, ya fito waje kamar bakin malafa. Murfi kuma rabin ƙwallo ne da ake saƙawa daban. Shi ne ɗakin matuƙi.

Wancan naɗewar baki da masu koyo ke jin haushinta, wata malamar lissafi 'yar ƙasar Latbiya, Daina Taimina, ta gano amfaninta a Jami'ar Cornell ta Amurka a 1997. Ta riƙa ƙara ido da gangan, a kan ƙa'ida, har ta fitar da wata siffa da masana lissafi suka daɗe suna bayaninta a takarda ba tare da sun sami samfuri mai ƙarko da za su riƙe a hannu ba. Wani abin kuma, har yau masana'antu ba su da injin da ke yin saƙar kwarashi ta gaskiya. Inji na saƙa suwaita da safa, yana kwaikwayon leshi, amma duk kwanon kwarashin da aka gani a duniya, mutum ne ya zauna ya yi shi ido bayan ido.

Saura kafar zare. Mafi sauƙi ita ce a tsallake ido uku ko huɗu a bango, a haye su da 'yar sarƙa, a ci gaba. Illarta, in an zura zare ta nan ba a fitar da aikin sai an yanke. Wadda ta fi ita ce a bar tsaga daga baki, a yi mata ɗan harshe da maɓalli. Ko wacce aka zaɓa, gara a ɗinke zoben ƙarfe ko na roba a bakin kafar, irin na labule, don zare na goga zare sai ya tashi gashi.

Inda ulu ke ba da kunya

A nan ne zancen ke juyawa. Abin da ake saye a kasuwa da sunan ulu, mafi yawansa bai taɓa ganin tunkiya ba. Zaren roba ne da ake haɗawa daga sinadaran man fetur, kamfanin DuPont na Amurka ya fara fito da irinsa kasuwa wajen 1950. Yana da araha, yana da launi mai ɗaukar ido, ba ya zuba, asu ba ya cinsa, kuma ga laushi. Don hular jariri babu kamarsa a wannan farashi. Amma laushin nan shi ne aibinsa a kwano. A saƙa bango da shi, a ajiye, kafin a juya ya zube gefe guda. A ce za a sa masa sitaci, ba ya sha, domin zaren roba ba ya jan ruwa. Sitacin a bayansa yake tsayawa ya bushe ya riƙa zuba gari. A kusanta shi da dutsen guga kuma ya narke ya mutu.

Auduga ce maganin wannan. Zarenta ba ya miƙewa ya dawo, idonsa na zama daram, kuma tana shan sitaci har cikin ɓargonta. A dama sitacin rogo da kauri, ko a jiƙa ƙaro, a tsoma kwanon, a matse, a kifa shi a bayan ƙwarya ko tasa a bar shi a rana. Ranar Garwa ta Maris da Afrilu, wadda ke haura digiri 40, ba ta buƙatar a roƙe ta. Ruwan sukari da wasu masu koyarwa na waje ke ba da shawara, wannan a bar musu. A nan gayyatar kiyashi ce kawai. Da damina, in iska ta yi laima, kwanon zai ɗan saki, sai an sake masa wanka da sitaci.

Akwai dabarun kaucewa, kuma mata sun san su. A haɗa zare biyu ko uku a saƙa da ƙaramin kwarashi har yatsa ya yi ƙanta. A yanka tsohuwar rigar gwanjo mai talewa siri-siri ta zama zare mai kauri. Ko a shimfiɗa igiya ana saƙa a kanta tana zagayawa, wanda kusan aikin masu faifai da kaba ne aka sauya wa kayan aiki. A ganina wadda ta fi duka ita ce a bar ƙwarya ta yi aikinta, a saƙa mata riga. Ƙwarya ta riga ta zo da siffa, cikinta sumul ne, dunƙule na juyi a ciki ba tare da ya kama ba. Nauyi kaɗai ta rasa, shi kuwa ɗan ƙunshin yashin kogin Binuwai da aka ɗinke a gindi ya wadatar, don kwanon da ba shi da nauyi bin zare yake yi duk inda aka ja shi.

Me za a zana a jiki

Kada a ɗauka labarin sararin samaniya baƙo ne a kunnen Bahaushe. A 1969, shekarar da Apollo 11 ya sauka a wata, aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da aka yi tafiya da shi can sama. Mamman Shata ma ya yi wa kumbon Apollo waƙa. Kuma tafiyar kanta da hannun masu zare a cikinta: umarnin da ke cikin kwamfutar kumbon, mata ne a masana'antar Raytheon da ke jihar Massachusetts suka zura shi da waya ta cikin ƙananan zobban maganaɗisu. In waya ta bi ta cikin zobe, ɗaya ke nan. In ta kewaye shi, sifiri.

Sai dai ba duk abin da ake gani a waya ne zai shiga kowane gida a Garwa ba. Yawancin samfuran waje fuskoki ne: koren baƙo mai manyan idanu, ko ɗan jaririn nan mai dogayen kunnuwa na shirin The Mandalorian da ya fito a Nuwambar 2019, wanda masu kwarashi suka yi ta saƙawa har kamfanin Disney ya sa aka sauke wasu daga kasuwar Etsy saboda haƙƙin mallaka. A gidajen Musulmi da yawa ana ƙin ajiye surar mai rai, kuma mai sayarwa da ta yi biris da wannan za ta zauna da kayanta. Ba asara ba ce. Jirgi ba shi da rai, haka tauraro da jinjirin wata da duniya mai zobe. Wanda ya duba aska takwas da dagi a gaban babbar riga, ko ƙwaryar da matan Fulani ke zanawa da wuƙa mai zafi, ya san cewa mutanen wannan yanki sun daɗe suna cika ido da layi da kusurwa da da'ira kawai. Shuɗin baba mai duhu ya isa sararin dare. Duwatsun ado da 'yan madubai da ake sayarwa a layin masu kayan ɗinki sun isa fitilun jirgi. Kuma babu wani kamfani da zai aiko da takardar lauya a kan tauraro.

Auduga na fita, roba na shigowa

Tun kafin Bature ya zo ana kaɗi ana saƙa a ƙasar Adamawa. Lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya ƙetare Binuwai a Yunin 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Yola, ya tarar da sawayen farin saƙi, waɗanda Fulani ke kira leppi, su ne kuɗin da ake ciniki da su. Hausawa da Barebari da suka zauna a garuruwan lamidai sun riƙe saƙa da rini da fatauci. A cikin gida kuwa aikin mata ne: a gurje angurya a kan magurji, a shiɓe da masaɓi, a naɗe sutu, a ɗauki mazari a shafa alli a yatsa. Sai a fitar da zare iri biyu, siriri mai ƙarfi na tsaye, da abawa mai kauri. Kayan aikin duka a taskira suke zama. Ke nan ma'ajin zare na musamman ba sabon abu ba ne a ɗakin mace.

Noman auduga don sayarwa waje ya kankama ne a farkon shekarun 1950, da kamfanin Faransa CFDT ya soma aiki a yankin Kaele. A 1974 aka kafa SODECOTON, hedkwatarsa a Garwa, gwamnati ce ke da kaso mafi tsoka. Yau manoma fiye da 200,000 ne ke noma masa, daga Marwa da Gidar har Tuboro, kuma a shekarun baya-bayan nan abin da ake tarawa kan haura tan 300,000 kafin a gurje. Shi ke ba da iri da taki da maganin ƙwari bashi, shi ke saye, shi ke gurzawa a masana'antunsa, shi ke matse angurya ya fitar da man Diamaor da ake suya da shi. Har ƙungiyar ƙwallon garin, Coton Sport, wadda aka kafa a 1986 ta kuma kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka da Al Ahly a 2008, sunan auduga take ɗauke da shi.

Da can, in Binuwai ya cika da damina, jiragen ruwa ne ke lodi a tashar Garwa su gangara ta Yola da Lokoja zuwa teku. Yaƙin basasar Najeriya ya katse wannan hanya, jirgin ƙasa kuma ya iso Ngaundare a 1974, daga nan tashar ta yi ta ja da baya. Yanzu tireloli ke kwasar dilolin zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa ya kai su Duwala, daga can sai Bangladash da Sin da sauran ƙasashen Asiya masu manyan masaƙu. Abin da ake sarrafawa a cikin gida bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Kamfanin CICAM, wanda aka kafa a 1965, ya buɗe masana'antar kaɗi da saƙa a nan Garwa, aka riƙa kai farin yadin zuwa Duwala ana buga masa zane. Shi aka sani da atamfar ranar mata ta 8 ga Maris. Amma ya daɗe yana fama da atamfa mai araha daga Asiya da kuma gwanjo, kuma zarensa na masaƙa ne, siriri, ba irin wanda ake murɗawa a dunƙula don kwarashi ba.

Sakamakon shi ne mace na zaune a inuwa, motar auduga na wucewa ta ƙofar gidanta tana zubar da fari a bakin titi, ita kuwa tana saƙa da man fetur da aka kaɗa a wata ƙasa, wanda ya shigo ta Duwala ko ta Mubi da Yola. In ta dage sai zaren auduga mai kauri, wanda za ta samu ma na waje ne, a 'yan ƙananan dunƙulaye, da tsada. Ba mamaki a cikinsa akwai audugar da aka tsinka a Ngong. Auduga dai ta yi nisan da ya fi haka: a Janairun 2019 ƙwayarta ta tsiro a cikin wani rufaffen gwangwani a kumbon Chang'e 4 na ƙasar Sin da ya sauka a bayan wata, kafin sanyin daren can ya kashe ta. Zuwa teburin mai sayar da zare a babbar kasuwar Garwa ne har yau bai yiwu ba.

Ba wai babbar masana'anta ake bukata ba. Zaren kwarashi siraran zaruruwa ne huɗu ko shida ko takwas aka murɗa wuri guda, aka rina, aka dunƙula. Injin da ke wannan ƙarami ne in aka kwatanta da na buga atamfa, kuma kasuwarsa ba ta tsaya ga kwanon ado ba. Jariri a zafin Garwa ya fi bukatar hular auduga a kan ta roba, wadda ke tara gumi ta tayar da ƙuraje. Jaka, tabarmar tebur, farar hular da ake naɗa rawani a kanta, duk auduga ta fi dacewa da su. Masu saƙa sun saba da ulun roba ne saboda shi suka tarar, ba don sun auna sun zaɓa ba.

Kafin a kai can, abawa na nan. A ƙauyuka, da wuraren masaƙan gargajiya na Marwa da tsaunukan Mandara, akwai tsofaffin da mazari bai bar hannunsu ba, ko da yake 'ya'yansu da jikokinsu ba su cika karɓa ba. Abawa ɗaya tilo ba ta jure kwarashi, tana warwarewa ta tsinke, kuma kaurinta ba ya tafiya daidai. In aka haɗa biyu aka murɗa su ta ɓangaren da ya saɓa wa kaɗin farko, sai ta yi ƙarfi, ƙulle-ƙullenta kuma su ba bangon kwano wani kaushi da zaren kanti ba ya bayarwa. Matsalar ita ce auduga kanta. Manomin da ya karɓi taki bashi, amfanin gonarsa na kamfani ne har sai an auna an cire bashin, kuma tun bayan 2011, lokacin da farashi ya haura dala 2 kowace laba a kasuwar duniya aka yi ta tsallakar da auduga Najeriya a kan babura, ake sa ido sosai kan inda take bi. Mai kaɗi takan dogara ne da kalar da ta rage a gona bayan an gama tsinka, ko 'yan tsirarun itatuwan da ta shuka a bayan ɗaki. Wannan ya isa kwano ɗaya ko biyu. Wadda ke son ta saƙa goma ta kai kasuwar Pitowa ranar Lahadi, dole ta fara shirya magana da mai kaɗi tun kafin kaka, ta kuma biya kuɗin zaren da ya ci kwanaki ana yi da hannu.